Kiɗan da Ya Sauko da Baba Didam

Na ji yadda kuke ba da labarin nan a tsakaninku, na kuma ji yadda jikokina suka ƙara masa gishiri har ya zama abin al'ajabi. Wai wata Lahadi Ruhu Mai Tsarki ya taɓa zuciyar Baba Didam, yayan mahaifina, ya sauko daga kan dutse da ƙafarsa ya tuba a gaban jama'a. Labarin yana da daɗi, ni ma da za a bi son raina da haka aka yi. Amma ina wurin, kuma ni ce sanadin saukowarsa, ta hanyar wani kuskure da har yau in na tuna nakan rufe fuska. Kun kuma tambaye ni, ranar da muka binne kakanku mahaifina, me ya sa na shimfiɗa wani tsohon farin gwado a cikin akwatinsa, na ce muku sai wani lokaci. Tun idona yana ganin layin takarda, bari in biya ku duka biyun.

Mahaifina Malam Istifanus shi ne katikis na majami'armu. Shi ke koya wa masu neman baftisma, shi ke buga ƙararrawa, shi ke juya wa'azin Fada zuwa yarenmu, in kuma za a yi jerin gwano shi ke gaba da gicciye. Gidanmu yana cikin filin mishan a gindin dutse, tafiyar awa guda a ƙafa daga tashar jirgin Kafanchan. A kan dutsen danginmu suke, waɗanda ba su karɓi addini ba, mu kuma ba a barinmu mu hau. Ni kuwa Allah ya yi ni da tambaya. Mama ta gaji da ni har ta daina kirana Sisiliya, ta koma ce mini Me-ya-sa. Me ya sa Fada Bature yake juya mana baya in yana addu'ar Mas? Me ya sa Allah ya fi jin Latin? Me ya sa jirgi ba ya kauce wa saniya? Baba yakan ajiye abin da yake yi ya amsa mini da haƙuri, ko da amsar ba ta gamsar da ni ba. Abu ɗaya ne kawai ba ya amsawa. Duk sa'ad da aka soma kiɗa a kan dutse, sai ya tashi ya rufe taga.

"Baba, me suke yi a can?"

"Ba namu ba ne, Sisiliya. Ɗauki littafinki."

Kiɗa iri-iri ne ke saukowa, na noma, na biki, na farauta, mu dai duk ganga muke ji ba mu san bambanci ba. Amma akwai wani guda da ya shiga raina. Ba ya sauri. Bugu uku masu nauyi, a ɗan dakata, sannan biyu marasa nauyi, a sake komawa. Bai fi sau huɗu na ji shi ba duk ƙuruciyata, kullum da safe, amma na riƙe shi. In ina surfen acca da shi nake buga taɓarya, ba wanda ya lura. Na san Baba yana da wa a can sama, don na sha ganinsu a kasuwa suna wuce juna kamar ba ciki ɗaya suka fito ba. In na tambayi Mama, wadda mutuniyar wajen Kachia ce, sai ta ce ita aure ya kawo ta, in tambayi masu gida.

Shekarar da nake ba ku labari, na gama kwalejin horon malamai ina koyarwa a Kafanchan, ni ce kuma shugabar mawaƙan majami'a. Lokaci ne da komai yake juyawa, ni kuwa ina jin daɗin kallo. Gwamnati ta karɓi makarantun mishan, aka shafe sunan waliyyi a allon ƙofa. Motoci suka koma bin hannun dama, tsofaffi suka rasa ta ina za su duba kafin su tsallaka titi. Fada Bature ya koma ƙasarsu, aka kawo mana Fada Matiyu, baƙi kamarmu, ɗan manomin citta, yana yawo a kan babur da rigarsa a naɗe. An riga an juyo da bagade yana fuskantar jama'a, Mas ya koma Hausa, tambayoyina biyu na ƙuruciya sun amsa kansu ba tare da kowa ya ba ni haƙuri ba. Sai wata Lahadi Fada Matiyu ya sanar cewa a godiyar girbi ta bana za a shigo da ganga. Matasa suka yi tafi. Baba yana tsaye kusa da shi, aikinsa ne ya juya sanarwar zuwa yarenmu, ya kuwa juya ta kalma bayan kalma, fuskarsa ba ta nuna komai ba.

Da la'asar Fada ya zo gidanmu. Na kawo masa ruwa da dafaffen gwaza, sannan na nemi aikin yi a kusa, don kunnena ba ya barin irin wannan ta wuce shi.

"Fada," in ji Baba, "shekara ashirin da biyu ke nan da ubana ya mutu a kan dutsen nan. Ban hau ba. An ce mini wanda ya bi ganga ya bi Shaiɗan, na yarda, na koya wa mutane haka, na hukunta waɗanda suka ƙi ji. Yayana shi kaɗai ya haƙa kabarin. Yau ka ce ganga ta yi tsarki. Yaushe ta yi? Wa ya wanke ta?"

Fada Matiyu ya daɗe yana juya gwaza a hannu.

"Malam, ba ni da amsar da za ta ishe ka. Na dai san Allah bai ba mu fata da itace da hannu don mu ɓoye masa su ba. In ka ce a bari, zan bari."

"Kai ne Fada. Ni mai ɗaukar gicciye ne. Abu ɗaya na roƙa, kada a yi gwajin a inda zan ji."

A ranar na san abin da ya raba su da Baba Didam. Tausayin Baba ya kama ni ƙwarai, amma ba zan ɓoye muku ba, ɗokin gangar ya fi tausayin ƙarfi. Muka kai gwajin Kafanchan, barikin ma'aikatan jirgi, ɗakin wani saurayi mai suna Luka da ke aiki a loko, wurin gyaran kawunan jirgi. Babanku ke nan, amma a lokacin bai zama komai nawa ba, sai mai yawan surutu da man gashi. Iyayensa mutanen wajen Gwantu ne, shi kuwa a bariki aka haife shi, ba abin da ya sani na dutsenmu. Shi muka ba gangar da aka sayo a kasuwar Zangon Kataf, don ko bokiti ya samu sai ya sa mutane rawa. Nan muka gane matsalarmu. Mu goma sha biyar, duk 'ya'yan mishan, ba wanda ya san kiɗan gargajiya ko ɗaya. Luka ya gwada irin na rediyo, muka ga in mata suka bi shi da kwandon doya a ka, doyar za ta riga su isa majami'a. Sai na ce ina da wani, na buga masa a kan benci.

"Tisha, wannan ya yi nauyi fa," in ji Luka. "Kamar jirgin kaya yana hawan tudu."

"Shi ake so. Tafiyar masu kaya ce."

"Mene ne sunansa?"

"Ban sani ba. Na gida ne dai."

Ku dubi abin mamaki. Ni da na tambayi dalilin komai a duniya, tambaya ɗaya da ta kamata in yi ban yi ta ba. Wanda zai amsa mini ya roƙa kada ya ji, tsofaffin majami'a kuma na so in ba su mamaki. Akwai kuma girman kai, don ina jin daɗin cewa ni kaɗai na zo da abin gida. Muka ɗora masa waƙar godiya, ta hau daidai kamar don shi aka yi ta.

Ranar godiyar girbi gari ya waye tas, damina ta ɗauke, ko iska babu. Muka taru a filin makaranta, daga nan za a yi jerin gwano zuwa majami'a. Baba yana gaba da gicciye, Fada a bayansa, sai Luka da ganga, sai mu mawaƙa, sai mata da kwandunan doya da acca da citta, maza da kaji a hammata. Na ɗaga hannu, Luka ya buga. Ban taɓa jin kiɗan a kan fata ta gaske a kusa ba, sai da tsigar jikina ta tashi, sautin ya tafi ya daki dutse ya dawo. Ina kallon bayan Baba. Ya tsaya taki ɗaya, gicciyen ya karkata, sannan ya miƙar da shi ya ci gaba da tafiya. Na ce a raina ganga ce kawai ba ya so. Matasa suna rera waƙa da iyakar murya, amma can baya na ji muryoyin tsofaffi suna ɗaukewa ɗaya bayan ɗaya. Mama Saratu, wadda ta fi kowa tsufa a zumuntar mata, ta ratso mutane da kwandonta ta kama mini hannu.

"Sisiliya, wane ne ya koya maka wannan?"

"Ni na kawo, Mama. Bai yi daɗi ba?"

"Wayyo Yesu! Kai ba ka sani ba?"

Kafin ta ƙara wata magana jama'a suka tura mu gaba. Mai gicciye ba ya ajiye shi a hanya, ba ya kuma waiwaye, don haka Baba ya yi tafiyar nan duka har ƙofar majami'a. Sai da ya kafa gicciyen a mazauninsa, sannan ya dawo wurin Luka ya ɗora tafin hannunsa a kan fatar gangar. Gangar ta yi shiru.

Muna zama Mama Saratu ta matso kusa da ni a benci ta raɗa mini. Ta ce a kan dutse kowane gida yana da kiransa, wannan kuwa kiran gidanmu ne. Ba a buga shi sai babban namiji na gidan ya mutu, kuma daga inda gawar take ake bugawa. In ɗan'uwan mamacin ya ji, ko me yake yi zai ajiye, ya ɗauki garma da gwadon binnewa ya bi sautin, don shi zai fara saran ƙasa.

"A ƙasa nan," ta ce, "namiji babba na gidanku guda nawa ne?"

Guda ɗaya ne, ga shi can kusa da bagade. Na sa ubana ya yi tafiya a gaban jama'a ana buga masa kiran mutuwarsa, ina bayansa ina kaɗa hannu ina murmushi. Kunya ta rufe ni har ban ji karatun farko ba. Amma halin mutum ba ya barinsa, domin a cikin kunyar nan wata tambaya ta tsiro mini. Ya ji? In ya ji, zai zo wa ƙanen da bai zo wa ubansu ba? Na sunkuyar da kai kamar mai addu'a, idona kuwa yana ƙofa.

Fada yana tsakiyar wa'azi, Baba yana juyawa, sai hasken ƙofa ya ragu. Wani tsoho ne tsaye, ba takalmi, da gajeren wando da tsohuwar riga, garma a kafaɗa, farin gwado a naɗe a hammata. Yana haki, gwiwarsa ɗaya tana jini, da gani faɗuwa ya yi a gangaren dutse. Bai taɓa taka majami'a ba, ranar ma bai wuce bakin ƙofa ba. Baba ya tsaya a tsakiyar magana. Da yarenmu suka yi magana, ga ta da Hausa yadda na ji.

"Bodam," in ji tsohon. Ranar na fara jin sunan da aka raɗa wa ubana. "Kana tsaye."

"Ina tsaye, Yaya."

"To wa aka kira ni in haƙa wa?"

Luka ya tura gangar ƙarƙashin benci da ƙafa, wannan ma ku rubuta a tarihin jaruntakar babanku. Na miƙe na ce ni ce na sa aka buga, ban san ma'anarsa ba.

"'Yar wa ce?"

"Tawa ce," in ji Baba.

"Wa ya koya mata?"

"Ba kowa. Ta taga ta ji."

Baba Didam ya dube ni daga sama har ƙasa, irin kallon da ni ma nake yi wa abin da ban gane ba.

"Kin bar bugu ɗaya a ƙarshe," ya ce. "Mai bugun kuma hannun baƙo ne, tun daga sama na gane. Na ce wa kaina wataƙila wasan yara ne. Sai na ce, in na zauna kuma ya zama gaskiya fa?"

Bai faɗi haka don ya soki kowa ba, amma duk tsohon da ke cikin majami'ar ya san inda maganar ta sauka. Baba ya dafa teburin karatu. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar.

"Ni da aka yi wa kiran gaskiya," ya ce, "na zauna."

Sai Baba Didam ya zaro gwadon ya miƙo. A al'adarmu gwadon da aka fitar don binnewa ba ya komawa ɗakin da ya fito, dole ya zauna wurin wanda aka fitar dominsa. Kowa kuma ya san abin da Malam Istifanus yake yi wa Kiristan da ya taɓa kayan binnewar kan dutse, yakan hana shi cin jibin Ubangiji, ya durƙusar da shi a bayan majami'a wata da watanni. Baba ya dubi Fada Matiyu. Fada ya dubi ƙasa, ya bar shi da zaɓinsa, na daɗe ina tunanin ko tsoro ne ko hikima, yanzu na fi zaton hikima ce. Baba ya sauko ya bi tsakanin benci har ƙofa, ya durƙusa yadda ƙane yake durƙusa wa wansa, ya karɓa da hannu biyu. Da aka tashi Mas bai tsaya cin abincin girbi ba, ya bi yayansa suka hau, aka nuna masa inda ubansa yake kwance.

Kada ku ɗauka kowa ya yi murna. Washegari da safe Mama Saratu ta zo gidanmu, ko zama ba ta yi ba.

"Malam, ni fa? Uwana ya mutu, na je na binne shi, ka sa ni durƙuso wata shida. Gwiwa na har yanzu yana ciwo. Kai naka babu durƙuso?"

Baba bai kare kansa ba. Lahadin da ta biyo ya miƙe bayan sanarwa, ya kira sunayen waɗanda ya hukunta saboda sun binne iyayensu, ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda suka riga suka mutu, ya roƙi gafara. Sannan ya tafi bayan majami'a ya durƙusa a inda yake durƙusar da su, ya yi ta yin haka kowace Lahadi har wata shida, Fada ya hana shi bai hanu ba. Waɗansu suka yafe, Mama Saratu ma a wata na uku ta kawo masa tsumma ya sa a gwiwa. Waɗansu kuwa suka ce ya mayar da majami'a gidan dodo, har suka mutu ba su ƙara gaishe shi ba. A ƙarshen shekara ya ajiye aikin katikis, muka bar gidan mishan da aka haife ni a ciki. Mahaifiyata ta yi kuka sosai, ta daɗe ba ta sake mini fuska ba, kuma ban ga laifinta ba. Baba ya gina ɗaki biyu a bakin gonarsa, ya sa tagar ɗakinsa ta fuskanci dutse.

Baba Didam bai yi baftisma ba, ko sau ɗaya bai nema ba, wannan shi ne gyaran da na fi so ku riƙe. Abin da ya yi shi ne, ran Asabar yakan sauko ya zauna a gindin mangwaron da ke wajen majami'a ya koya wa Luka kiɗan da ya dace da masu rai, na tafiya da na noma da na murna, yana ƙwala masa sanda a hannu in ya yi sauri. Kiɗan da kuke shiga majami'a da shi yau daga gindin mangwaron nan ya fito. Fada Matiyu yakan zo ya zauna kusa da shi da ɗan littafi, su yi ta tambayar juna, kowa yana mamakin abin da ɗaya ya gaskata. Ni kuwa na samu wanda ba ya gajiya da me ya sa. Wata rana na yi ƙarfin hali na tambayi mahaifina ko ya yi nadamar bin Yesu.

"A'a," ya ce. "Rana ɗaya na yi nadama, ita ce ranar da na zaci Yesu ne ya ce in zauna."

Bayan shekara huɗu na zo gida hutu, ke Rifkatu kina goye a bayana. Da safe ne, ina shara a tsakar gida, Baba yana ɗaki yana shan kunu. Sai na ji shi daga kan dutse. Uku masu nauyi, aka dakata, biyu marasa nauyi, sannan bugun nan ɗaya na ƙarshe da ban taɓa kamawa ba ta rufaffiyar taga. Tsintsiyar ta faɗi daga hannuna. Na leƙa ɗakin, na ga Baba ya tashi ya nufi taga, yadda na saba ganinsa tun ina yarinya. Ya tura ta ta buɗe har ƙarshe, ya tsaya ya saurara sai da aka kai aya.

"Baba?" na ce.

"Namu ne," ya ce.

Ya ɗauki garma a bayan ƙofa ya fita, ko takalmi bai tsaya sawa ba.